Yadda ake zaɓar kyamara ko sensa a manhajar kwaikwayon haske, ga mai nazarin gonaki cikin hazon hunturu

Masakwa, dawar rani wadda maƙwabtanmu Fulani ke kira muskuwari, ana dasa ta ne a ƙasar karal, wato ƙasar laka mai riƙe ruwa, bayan ɗaukewar ruwa, wajen Satumba zuwa Oktoba, a girbe ta a Janairu ko Fabrairu. Ke nan mafi yawan rayuwarta cikin hunturu take yi, daidai lokacin da iskar arewa maso gabas ke ratsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta kwaso farar ƙurar kwarin Bodele ta lulluɓe Njamena da Kusseri da Marwa. Duk wanda ya ce zai auna lafiyar wannan shuka da hoton tauraron ɗan'adam, ta cikin hazo yake kallonta. Wani ɓangaren hasken da ya isa tauraron daga ganye ya fito, wani ɓangaren kuwa ko ƙasa bai taɓa ba, ƙura ce ta mayar da shi sama.

Domin raba waɗannan biyun ake amfani da manhajar da ke kwaikwayon tafiyar haske a cikin iska. Ka gina mata rana, ka gina iska da ƙura, ka shimfiɗa ƙasa, sannan ka kafa idon da zai kalla, wato sensa. A wajen wannan idon ne na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe. Mutum zai ɓata lokaci mai yawa yana gyara ƙura da tururin ruwa, da ya zo kan sensa sai ya ɗauki kyamara kawai, saboda ita ce ke ba da hoto mai kyan gani. Alhali sensa ita ce tambayar da kake yi wa manhajar. Idan tambayar ta karkace, amsar da za ta fito daidai ce a lissafi, amma ba taka ba ce.

Zan yi bayani da Eradiate, domin kyauta ce, da harshen Python ake sarrafa ta, kuma ta rarrabe nau'o'in sensa a fili. Kamfanin Rayference da ke Brussels ne ya rubuta ta da tallafin shirin Copernicus na Turai, an kuma gina ta a kan Mitsuba 3, injin zana hotuna da ƙungiyar Wenzel Jakob ta jami'ar EPFL a Suwizalan ta fitar a 2022. Abin da ya kamata ka riƙe game da aikinta shi ne: ba daga rana take fara bin haske ba, daga sensa take farawa. Takan harba silin haske daga idon sensa, ta bi shi da baya yana karo da ƙura da iska da ganye, a kowane karo tana lissafin abin da rana ta zuba a wurin, ta maimaita sau dubbai, ta ɗauki matsakaici. Wannan shi ne tsarin Monte Carlo. Inda sensarka ba ta kalla ba, manhajar ba za ta gaya maka komai a kansa ba.

Mataki na farko: rubuta bayanin na'urar gaskiya kafin ka kunna kwamfuta

Ɗauki takarda ka amsa tambayoyi huɗu game da na'urar da za ka kwatanta lissafinka da ita. Ina take zaune? Ina ta fuskanta? Yaya faɗin ganinta? Wane zirin launi take karɓa?

Idan Sentinel-2 ce, wato tauraron Turai mai ɗaukar hoton ƙasa, tana tafiya a tsayin kilomita 786, tana share faɗin kilomita 290, tana da ziri 13, tana wucewa ta kanmu wajen ƙarfe goma da rabi na safe a agogon rana, kuma kusan kai tsaye take kallon ƙasa, karkatarta ba ta wuce digiri 12 ba. Idan Meteosat ce, tauraron nazarin yanayi mai ɗauke da na'urar SEVIRI, tana tsaye a kilomita 35,786 a kan layin digiri sifili, tana ɗaukar hoto duk minti 15, kuma mutumin Marwa yana ganinta ne a kudu maso yamma, karkace da kusan digiri 21 daga tsakar ka. Idan jirgi marar matuƙi ne, mita ɗari ko ƙasa da haka yake daga ganye. Idan na'urar auna ƙura ce irin ta cibiyar AERONET, a ƙasa take tana kallon sama ta ƙaramar kafa mai faɗin digiri 1.2.

Sannan ka tantance abin da na'urar ke aunawa, domin iri biyu ne. Akwai radiyans, wato hasken da ke zuwa daga fuska guda tak, kamar wanda ya rufe ido ɗaya ya leƙa ta cikin dogon bututu. Akwai kuma iradiyans, jimlar hasken da ke sauka kan shimfiɗa daga kowace fuska. Tauraron ɗan'adam da kyamara radiyans suke aunawa. Farantin sola da na'urar firanomita, mai auna hasken rana a ƙasa, iradiyans ne ya dame su.

Mataki na biyu: zaɓi nau'in sensa

Ga mai aiki da hoton tauraro, sensar da zai fara da ita ita ce mdistant. Tana ɗauka cewa mai kallo yana nesa iyakar nesa, don haka duk silin hasken da ke isa gare shi daga fuska ɗaya a jere suke, babu mai karkata daga wani. Wani zai ce ai tauraron ba a nesa marar iyaka yake ba. Gaskiya ne, amma yi lissafi: gona mai faɗin kilomita 1, idan aka kalle ta daga kilomita 786, kusurwar da ta cika ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Bambancin nan bai isa ya motsa sakamako ba. Ribar da kake samu kuwa babba ce: babu batun inda za ka rataye kyamara, babu batun faɗin gani, kusurwa kawai za ka bayar, manhajar ta ba ka radiyans a saman iska, ta kuma ba ka lambar da ake kira BRF. Ita BRF kwatanci ce tsakanin hasken da wurin ya mayar ta wannan fuskar da wanda farar shimfiɗa tsantsa za ta mayar a ƙarƙashin rana ɗaya. Ana samunta ta hanyar ninka radiyans da π, a raba da hasken rana da aka ninka da kosayin kusurwar rana. Ita ce lambar da za ka ajiye kusa da ta tauraro.

Harafin m da ke farkon sunan mdistant na nufin za ka iya ba ta fuskoki da yawa a lokaci guda. Tsarin hplane yana jera su a layi daga wannan gefen sama zuwa wancan, aring yana zagaye da su a kusurwa ɗaya, grid yana cika sama da su, ko kuma ka rubuta naka jerin. Wanda ke son kwaikwayon na'urar MISR ta tauraron Terra, mai kyamarori tara da ke kallon ƙasa kai tsaye da kuma a digiri 26.1 da 45.6 da 60 da 70.5 gaba da baya, waɗannan lambobin kawai zai shigar.

Tana da 'yan'uwa uku. Ita hdistant tana ɗaukar rabin ƙwallon sama gaba ɗaya ta zuba a faifai, ka ga yadda haske ke canzawa ta kowace fuska. Tana da kyau wajen fahimtar halin ƙasa, amma tana cin lokaci. Ita distant_flux tana tara duk hasken da ke fita ta ba ka albido, wato kason hasken rana da wurin ya mayar gaba ɗaya. Wanda ke nazarin zafin ƙasa ko abin da sare itatuwa ke yi wa yanayi ita yake buƙata. Sai mpdistant, wadda ke raba wurin da ake kallo zuwa fiksel-fiksel, amma silin hasken na nan a jere. Idan kana son hoto irin na tauraro, misali ka ga yadda hasken farin yashi ke malalowa kan fiksel ɗin ruwa a bakin tafkin Maga da ke arewacin Kamaru, wannan ce taka, ba kyamara ba.

To ita kyamarar fa, wato perspective? Wurinta shi ne inda na'urar gaskiya ke kusa da ƙasa. Jirgi marar matuƙi a tsayin mita 100 da faɗin gani digiri 60 yana ɗaukar fili mai faɗin kusan mita 115. Idan hoton na da fiksel 512 a faɗi, kowane fiksel kusan santimita 22 ne. A tsakiyar hoton kai tsaye yake kallon masakwa, yana ganin ganye da tsagaggiyar ƙasa tsakanin layuka. A gefen hoton kuwa ya karkata digiri 30, ganye ya rufe ƙasar. Shuka ɗaya ce, amma lambobin sun bambanta, kuma wannan bambancin shi ne abin da kyamara ta zo ta kwaikwaya. Za ka ba ta wurin zama, wurin kallo, faɗin gani, yawan fiksel, da fuskar da ta ɗauka a matsayin sama. Kula da wannan na ƙarshen: idan kyamarar na kallon ƙasa kai tsaye, kada ka ce samanta shi ne sama na gaskiya, domin layukan biyu sun haɗe. Ba ta arewa a matsayin sama.

Na kuma yarda da amfani da kyamara don duba gini. Kafin ka auna komai, ɗauki ƙaramin hoto ka tabbatar itatuwan gawo da ka dasa suna tsaye a kan ƙasa, inuwarsu kuma ta faɗi inda ya kamata. Amma kada ka ɗauki matsakaicin fiksel ɗin hoton ka ce shi ne abin da Sentinel-2 za ta gani.

Sai radiancemeter da babbar 'yar'uwarta mradiancemeter. Wuri ɗaya, fuska ɗaya, lamba ɗaya. Da ita ake kwaikwayon na'urar ƙasa mai kallon sama, ko jirgin sama da ke tsakiyar hazo. A nan akwai tarko: ranar da aka saba sakawa, mai suna directional, ba ta da faɗi ko kaɗan, don haka ko ka saita na'urar kai tsaye a kanta ba za ta ga ƙwayar rana ba, hasken da ƙura ta watsa kawai za ta gani. Idan ƙwayar ranar kake so, sai ka sauya zuwa astro_object, wadda ke ba rana faɗinta na kusan rabin digiri.

Wanda tambayarsa ita ce nawa hazo ke rage wa tashoshin sola na Marwa da Gider, ina ganin wata manhajar daban mai suna libRadtran ta fi masa sauƙi. Tana fitar da hasken kai tsaye da wanda ya watsu daban-daban a kowane tsayi da ka nema, kuma ga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa cikin daƙiƙoƙi take gamawa.

Mataki na uku: kusurwoyi

A nan gizo ke saƙa. Kusurwar zenit ba ta da rikici: sifili tsakar ka, 90 bakin sararin sama. Azimut, wato kusurwar da ke nuna fuskar da abu yake (gabas, kudu, yamma ko arewa), ita ce matsalar, domin kowace manhaja da inda take fara ƙirga ta. Bayanan Sentinel-2 daga arewa suke farawa su bi hannun agogo. Eradiate, idan ba ka sauya mata ba, daga gabas take farawa ta bi akasin agogo. A libRadtran kuma, idan ka ce azimut ɗin rana sifili ne, ka ajiye ta a kudu.

Ga misali. A tsakiyar Janairu, lokacin da Sentinel-2 ke wucewa ta Marwa, rana na karkace da kusan digiri 39 daga tsakar ka, a kudu maso gabas, wajen digiri 145 daga arewa. Domin mayar da ita lissafin Eradiate, ka cire 145 daga 90, ka samu −55, wato 305. Haka za ka yi wa kusurwar tauraron ma. Ainihin lambobin ranar da kake nazari suna cikin fayil ɗin MTD_TL.xml da ke zuwa da kowane hoto, an jera su duk bayan kilomita 5, kuma kusurwar kallo ta bambanta daga ziri zuwa ziri. Kada ka yi kirdado, buɗe fayil ɗin.

Ga hanyar tabbatar da cewa ba ka juya baya ba. Shimfiɗa ƙasa irin ta rpv, wadda haskenta ke canzawa da fuskar kallo, ko ka dasa ganye, ka jera sensa a hplane da azimut ɗaya da na rana:

"type": "mdistant", "construct": "hplane", "zeniths": daga −75 zuwa 75, "azimuth": 305

Dole ka ga ƙololuwar haske a +39, inda mai kallo ya ba rana baya kuma kowane ganye ya ɓoye inuwarsa. Idan ƙololuwar ta fito a −39, ko ba ta fito ba sam, koma ka duba azimut. A cikin ƙura kuskuren nan na da tsada, domin ƙwayoyinta manya ne, sun fi tura haske gaba nesa ba kusa ba fiye da yadda suke mayar da shi baya. Juya digiri 180 na iya sauya labarin gaba ɗaya.

Idan rana ko sensa ta karkata fiye da digiri 70, kamar hotunan Meteosat na sassafe, bar shimfiɗaɗɗiyar iska ka zaɓi spherical_shell, wadda ke lissafi da lanƙwasar duniya.

Mataki na huɗu: launin da sensa ke karɓa

Babu sensar gaskiya da ke auna launi guda tsantsa. Ziri na 4 na Sentinel-2, ja, tsakiyarsa na wajen nanomita 665, yana da faɗin kusan 30. Ziri na 8, wanda ido ba ya gani amma lafiyayyen ganye ke mayarwa da ƙarfi, yana wajen 842, faɗinsa ya haura 100, har ya shiga inda tururin ruwa ke shanye haske. Ana shigar da wannan ta wurin srf, wato bayanin yadda sensa ke karɓar kowane launi, kuma manhajar na da na taurari da yawa a shirye. Zaɓi na tauraron da ya ɗauki hotonka, domin na 2A da aka harba a 2015, da 2B na 2017, da 2C na 2024, ba daidai suke tsaf ba.

Yanayin aiki ma biyu ne. A mono, launi ɗaya ake lissafawa a lokaci guda, ya dace da gwaji. A ckd, ana lissafa ziri gaba ɗaya da shanyewar iskar gas, shi ne na aikin gaske, amma kowane ziri na sa a maimaita lissafin sau da yawa. Bayanan shanyewar gas suna da nauyin saukewa. Gara mutum ɗaya ya sauke inda intanet ke da ƙarfi, ya raba wa 'yan ajinsu a filashi.

Mataki na biyar: inda sensa ta nufa

Idan ƙasarka iri ɗaya ce ko'ina, ɗigo guda ya isa. Idan kuwa ka gina gona mai layuka, dole target, wato wurin da sensa ta nufa, ya zama murabba'i da ya rufe gonar duka. In ba haka ba, duk silin hasken zai sauka kan ganye ɗaya ko kan ƙasa tsirara, ka samu lambar da ba ta wakilci komai ba.

Mataki na shida: gwada sensa ba tare da iska ba, sannan ka ƙara abubuwa ɗaya bayan ɗaya

Cire iska gaba ɗaya. Shimfiɗa ƙasa lambertian, wadda haskenta ɗaya ne ta kowace fuska, mai mayar da rabin haske. Dole mdistant ta ba ka 0.5 a kowace kusurwa, distant_flux ma ta ba ka albido 0.5. Idan ba haka ba, kada ka ci gaba.

Sai ka mayar da ƙasar baƙa ƙirin, ka saka tsaftatacciyar iska ta yankin zafi. Abin da ka gani yanzu hasken iska ne kawai, kuma shuɗi na nanomita 490 ya kamata ya ninka ja sau uku da wani abu, bisa ƙa'idar Rayleigh, wadda ta ce iska ta fi watsa shuɗi a kan ja.

Sannan ƙura. Saka particle_layer, ka zaɓi ƙurar hamada, ka ajiye ta ƙasa-ƙasa cikin kilomita biyu zuwa uku na farko, domin a nan ƙurar hunturu ta fi zama. Kaurinta ana ba da shi ne da tau_ref a nanomita 550. Ga abin da lambar ke nufi: idan kaurin 0.2 ne kuma rana na digiri 39, kusan kashi 77 cikin ɗari na hasken kai tsaye ne ke ratsa ƙurar. Idan ya kai 1, kashi 28 ne kawai. Ragowar bai ɓace duka ba, mafi yawansa ya watsu ne, shi ya sa rana ke zama farin faifai, inuwa kuma ta dushe.

Mataki na bakwai: yawan samfur

Lambar spp ita ce yawan silin haske da ake harbawa a kowace fuska ko kowane fiksel. Idan ka ninka ta huɗu, rawar da sakamako ke yi raguwa take da rabi kawai. Yi wannan lissafin kafin wuta ta ɗauke maka a tsakiyar aiki: sensar mdistant mai fuska 31 da samfur 10,000 sili 310,000 ne, amma kyamara mai fiksel 512 sau 512 da samfur 1,000 kacal ta haura sili miliyan 262. Fara da kaɗan, gudanar da lissafin, ninka samfur huɗu, sake gudanarwa. Idan lambar ba ta motsa ba a gurbin da ya dame ka, tsaya nan. Ka raba dogon aiki ziri-ziri, kana ajiye kowane sakamako da zarar ya fito.

Mataki na takwas: kwatanta da hoton gaskiya

Tunda lissafinka ya haɗa da iska, da hoton mataki na L1C za ka kwatanta, wanda ke nuna abin da aka gani a saman iska. Shi L2A an riga an yi ƙoƙarin cire masa iska da manhajar Sen2Cor. Ka kuma tuna cewa hotunan da aka sarrafa daga 25 ga Janairun 2022 sai an cire 1,000 daga lambar fiksel kafin a raba da 10,000.

Zaɓi wurare uku a hoto ɗaya: tsakiyar ruwan Maga, gonar masakwa mai duhun ganye, da farin fili marar shuka. Gudanar da lissafi da kaurin ƙura 0.1 da 0.3 da 0.6 da 1, sensa ɗaya, kusurwa ɗaya. Za ka ga ruwa na ƙara haske sosai da ƙaruwar ƙura. A kan gona, ja na hawa, ziri na 8 kuwa da ƙyar yake motsi ko ma ya ɗan sauka, don haka NDVI, ma'aunin lafiyar ganye da ake samu daga waɗannan ziri biyu, ke faɗuwa alhali shukar lafiyarta ƙalau. Farin fili kusan ba ya canzawa, domin abin da ƙura ta ƙara masa da abin da ta tare sun yi kusan kunnen doki. Fara da ruwan: nemo kaurin ƙurar da ya ba da lambar da tauraro ya gani a kansa, ka ɗauki wannan kaurin ka saka a lissafin gonar, sannan ka riƙa sauya yawan ganye har ziri na 4 da na 8 su dace da hoton a lokaci guda.